Kada a Sayar da Keken Baba

Kafanchan, Jihar Kaduna.

Zuwa ga yayana Azariya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Bernice da yara. Yaya aiki, yaya kuma zaman Fatakwal? Ubangiji ya ci gaba da tsare fitarka da shigarka, ya sa albarka a aikin hannunka. Mu nan muna lafiya, sai godiya. Damina ta zauna sosai, citta ta yi kyau bana, masara ma har mun fara gasawa. Maigidana Yafet yana nan yana fama da 'yan makarantarsa. Ƙanwarmu Emilia ta zo daga Kujama ta duba Baba, ta ɗan kwana biyu ta koma.

Yaya, na zaɓi in rubuto maka ne tun da maƙwabciyarmu Paulina za ta zo wajenku, ta kawo maka takardar. Ranar da muka yi magana a waya ranka a ɓace yake, ni ma kuka ya hana ni bayani. Ka ce a sayar da keken nan mai caji da ka aiko wa Baba, tun kafin ya kashe mana uba. Ban ga laifinka ba, domin wanda yake nesa ya fi jin tsoro. Amma ina roƙonka ka karanta yadda abin ya faru daga farko, sannan ka yanke hukunci.

Ka san yadda Baba ya koma bayan rasuwar Mama. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin layin dogo da ƙafa, sai ga shi gwiwa ta zaunar da shi a ƙarƙashin mangwaro daga safe har yamma. Ko coci sai an nemo masa ɗan acaba, shi kuwa ya tsani a ɗaga shi a ɗora kamar buhu. Zuwan keken nan ne ya dawo mana da shi. Ya koma zuwa gona, yana zuwa gaisuwar rasuwa, yana leƙa tsofaffin abokan aikinsa na reluwe a bakin tasha. Idan an ɗauke wuta, da kansa yake kai batir shagon masu sola. Har ƙiba ya yi, Yaya. Abin da ban sani ba shi ne, duk lokacin da aka ba tayoyin iska, sai ya zagaya bayan ɗaki ya danna bawul ɗin taya ya rage iskar. Daga baya ya gaya mini wai idan taya ta yi tauri, duk ramin da ya faɗa a ƙugunsa yake jin sa, amma idan ta yi laushi sai ya ji kamar a kan katifa yake.

Ranar da abin ya faru, ya ɗaura buhun taki a bayan keken ya nufi gonarmu ta hanyar Manchok bayan ya ci abincin rana. Ka tuna wurin nan mai duwatsu kafin a tsallaka rafi? A nan tayar baya ta daki dutse, iska ta fita gaba ɗaya. Wayarsa kuma tana gida a kan caji. Da wani ne, da ya jingine keken a cikin ciyawa ya nemi hanyar gida. Shi kuwa ya ce ba zai bar kyautar ɗansa a daji ba. Ya sauke takin, ya kama tura keken, alhali ka san nauyinsa, ga batir ga injin da ke cikin tayar baya. Yana cikin haka hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A gangaren rafin santsi ya kwashe shi, keken ya faɗo masa a kan gwiwar nan mai ciwo. Ya ce ya yi ta ƙoƙarin tashi ya kasa, sai ya kwanta yana addu'a, ruwa yana dukansa.

Ni kuwa a gida, da na ga rana ta yi sanyi bai dawo ba, sai na kama leƙen hanya. Ka san halin da ake ciki a hanyoyinmu, ba sai na faɗa maka abin da zuciyata ta riƙa raya mini ba. Yafet ya ari babur ya bi titi har Kagoro yana tambaya, ba wanda ya gan shi. Ashe Allah ya riga ya aika da taimako. Dije, matar Malam Hammadu, wanda shanunsa suke cin karan gonarmu bayan girbi, tana dawowa daga tallan nono sai ta hango mutum a kwance. Ta ajiye ƙwaryarta, ta janye keken daga kansa, ta lulluɓe shi da ledar da take kare ruwa da ita, ta ruga ta kira mijinta. Suka kai shi ruga, suka hura masa wuta, suka ba shi madara mai zafi. Ana kiran sallar magariba sai ga Malam Hammadu a ƙofar gida da Baba a bayan babur, sanye da rigar Malam ɗin, ya ɗaure shi a jikinsa da rawani don kada ya faɗi. Na yi ta yi masa godiya ina hawaye. Da Yafet ya so ya zuba masa mai, ya ƙi, ya ce Baba Meshak ubansa ne shi ma. Washegari kuma ya kawo keken da buhun takin.

A asibiti sun ce babu karaya, targaɗe ne da sanyin da ya shiga ƙirjinsa. Tarin ya tafi, kumburin ya saɓe, yana takawa da sanda. Ciwon da ya rage ba na gwiwa ba ne. Lokacin da kake faɗa a waya yana kusa, kuma ya ji komai. Da yamma ya kira ni ya miƙo mini makullin keken, ya ce kayan Azariya ne, idan mai kaya ya ce a sayar sai a sayar, shi dai a ce maka ya gode da kwanakin da ya hau. Daga nan ya koma ƙarƙashin mangwaro. Abinci sai ya taɓa ya ture. Abokansa suka zo, ya ce a gaya musu yana barci.

Na kai keken wurin Kaleb, mai gyara a bayan kasuwa, wanda yanzu yake taɓa irin waɗannan. Ya cire wayar injin, ya kwance tayar da sifana a hankali, ya fito da tif ɗin da ke cikinta ya nuna mini huda biyu a jere, kamar saran maciji. Ya ce ba ƙusa ba ce, ba ƙaya ba ce, ƙarancin iska ne. Idan taya ta yi laushi ga kaya a baya, da ta daki dutse sai bakin ƙarfen wili ya cije tif ɗin. Ya ce laushin taya yana kuma shanye batir da wuri, wanda ya sa Baba yake ta ƙorafin caji ba ya daɗewa. Ya nuna mini lambar da aka rubuta a gefen tayar, ya ce ita ce ma'aunin iskar da take so. Kada a rage, kada kuma a bar masu facin mota su cika ta da injinsu har ta yi kamar dutse, don wannan ma yana fasa ta a zafin kwalta. Latsawa da yatsa ba ya nuna gaskiya a irin wannan taya mai kauri, sai da geji mai auna iska, kuma a riƙa dubawa duk mako.

To Yaya, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Maimakon sayarwa, ga abin da nake roƙo ka nemo mana a can, tun da a nan ba a cika samun masu kyau ba. Babba a ciki shi ne sirdi mai faɗi mai sifirin, domin idan ƙugunsa ya huta ba zai ƙara taɓa bawul ba. Sai ƙaramin famfo mai geji wanda zai shiga jaka, da tif na ajiya, da 'yan faci da sholishon liƙa su. Kaleb ya ce akwai wani ruwa da ake ɗurawa a cikin tif, yana toshe ƙaramar huda da kansa, idan ka gani ka haɗo. Zan sa Paulina ta nuna maka hoton lambar tayar don kada a sayo wanda bai dace ba. Ka ƙara da madubi, saboda wuyansa ba ya juyawa sosai, da abin maƙala waya a hannun keke. Hular kwano kuwa ni zan saya, ko da zai ce ta mayar da shi ɗan sama-jannati.

Ba zan ɓoye maka ba, ranar Lahadin da ta wuce na mayar masa da makullin, na ce aron yini ɗaya ne. Muka ba tayoyin iska daidai, na ɗaura masa matashi a kan sirdi, Yafet ya bi shi a baya har coci. Da ya shigo harabar a hankali cikin farar rigarsa, matan zumunta suka rangaɗa guɗa. Ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Ya yi alkawari a gaban Fasto cewa ba zai ƙara rage iska ba, ba zai fita ba waya ba, gona kuma sai da rakiya. Amma da muka dawo ya sake ajiye makullin a tafin hannuna, ya ce ba zai ƙara hawa ba sai mai keke ya yarda.

Don haka idan ka amince, kada ka aiko da amsa ta wurina. Ka kira shi da kanka, Yaya. Daga bakinka yake so ya ji.

Ka gaishe mini da Anti Bernice, da Ƙauna da Simon, ka ce su dage da karatu. Yafet da Emilia suna gaishe ku, haka ma Malam Hammadu ya ce in miƙa gaisuwarsa. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Ni ce ƙanwarka,
Hulda Meshak.