Kawuna Na So In Mayar Masa Da Kwanan Wata Baya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a wuya.

Ni injiniyan gini ne a nan Daura. Wata ƙungiyar ci gaban gari a yankin Sandamu ta ɗauke ni in riƙa duba mata aikin ƙaramin asibitin da take ginawa da gudummawar jama'a, sai aka yi rashin sa'a kawuna, yayan mahaifiyata, ya ci kwangilar. Ban ɓoye wa kwamiti dangantakarmu ba, suka ce sun yarda da ni. Ranar sa hannu na karanta masa yarjejeniyar da Hausa, na ce Kawu wata shida aka ba ka, duk satin da ya ƙaru za a cire tarar jinkiri daga kuɗinka, in kuma uzuri ya taso, cikin sati biyu ka rubuto takardar neman ƙarin wa'adi in duba in sa hannu. Yana ta latsa waya, wai shi yana gini tun ina cikin zanen goyo.

Da damina ta kankama ruwa ya hana aiki kamar kwana goma, wannan gaskiya ne, haƙƙinsa ne a ƙara masa su. Sau uku ina tuna masa ya rubuta. Ya ce shi da ciyaman ɗin ƙungiyar tare suka yi makarantar allo, aika masa takarda raini ne, takarda ai ta baƙo ce. Wai ya ja shi gefe a wajen wani ɗaurin aure, mutumin ya ce ba damuwa. To shi ke nan fa, a wurin babban ɗan kwangila an ƙara wa'adi. Daga nan ya kwashe birkiloli da leburori ya kai Baure suna gina masa shaguna, wata huɗu cur, asibiti kuwa ya tsaya a lintal, iya saman ƙofa da taga, awaki na kwana a ɗakin haihuwa.

Ana cikin haka aka yi zaɓe a ƙungiya, ciyaman ya sauka. Sabon kwamiti ya buɗe fayil bai ga ko layi ɗaya ba, suka ce za su cire tara kamar yadda aka rubuta. Sai ga mutumin da ya raina takarda ya zama masoyinta. Ya je an buga masa ita a kwamfuta da kwanan watan daminar bara, wai ruwa ne ya hana shi aiki wata huɗu. A ƙasar Daura fa, sai ka ce Fatakwal. Ko ƙaryar ma bai iya tsarawa ba. Har sunana ya sa aka buga a ƙasa, sa hannuna kawai ya rage.

Na ƙi, na ce zan shaida kwana goman nan da baki, ban da ƙari. Ya ce boko ya cire min zumunci. Wallahi na raina mutumin nan, ganinsa ma ba na son yi, dattijo da furfura amma bai ji kunyar zuwa gaban ƙanwarsa yana share hawaye da hula ba, wai ɗanta zai sa ya sayar da gonar gado.

Inna ba ta san wata yarjejeniya ba, yayanta ta sani. Tunda nake ba ta taɓa roƙona komai ba sai jiya, ta miƙo min takardar da biro, ta ce ba za ta maimaita ba. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna, kuma duk abin da na sa wa hannu ba za su bincika ba, saboda sun yarda da ni.

Jama'a ya zan yi? In cuci mutanen da suka ba ni amana, ko in dubi idon Inna in ce a'a?