Tulunan Zumunta a Gaban Alƙaliya

Baban Rahila, mijina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan fara faɗa wa in ba kai ba? Mun ci shari'a! Ba za a mayar da ƙaninka Pasikal ƙasarku ba.

Gwamnatin da ka gudo wa ba ta haƙura ba ko bayan mun binne ka. Tun da Pasikal ya gaje ka a shugabancin ƙungiyar 'yan ƙasarku ta Sabon Tasha, kullum kiran barazana, kullum baƙuwar mota a bakin layinmu. Wasu sun daina zuwa taro don an je an tsorata iyayensu a can. Daga baya mahukuntan ƙasarku suka nemi kotu ta miƙa musu shi, wai 'yan leƙen asirinsu sun gano ana shigo da bama-bamai gidanmu duk ranar Laraba.

Lauyansu ya dage wai hujjar ta sirri ce, ba a nunawa. Alƙaliya ta ce ba za ta miƙa ɗan mutane kan abin da idonta bai gani ba. Da ƙyar aka fito da hujjar, ashe hotuna ne. Ka san me ke ciki? Ni ce da Mama Saratu maƙwabciyarmu, ɗauke da tulunan kiɗan zumuntar matan coci, an naɗe su da zani don kada su fashe! Wai shi ɗan leƙen asirin bai taɓa leƙa coci a Kaduna ba ne? Washegari matan zumunta suka cika kotu cikin anko, aka kwance zanin da ke naɗe da tulunan, Mama Saratu ta buga tulu sau ɗaya. Har ɗan sandan bakin ƙofa sai da ya sunkuyar da kai yana dariya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk sanda ka fita waje amsa waya ka dawo ka ce abokin aiki ne, na san masu barazanar nan ne. Na bar ka ne ka ci gaba da kare ni, kuma ka kare ni ɗin. Na gode.

Ka tuna labulen falo mai kauri da ka hana a ɗaga, don kada a hango mu? Jiya Pasikal da kansa ya cire shi. Ashe daga kujerarka ana ganin mangwaron da ka dasa. Ya yi 'ya'ya har rassan sun sunkuyo. A nan nake zaune yanzu, taga a buɗe.

Ka huta lafiya, sai mun haɗu wurin Uba.

Matarka har gobe,
Maman Rahila