Hankalinka Nake Nema, Kafintana

Zuwa ga hasken idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar gonar zuciyata, kafintana, gwanina. Ina miƙo maka gaisuwa mai sanyi kamar iskar asuba, ko da yake cikin takaici nake rubuta ta.

Ka tuna ranar da na kawo kujerar Mama shagonka, ƙafarta ɗaya a karye? Na tsaya cikin ƙamshin sabon katako ina ta zuba, ina ba ka labarin ɗalibaina, kai kuwa kanka a sunkuye, fensir a bayan kunne. Na ɗauka ba ka ji na. Da na dawo karɓar kujerar, sai ka tambaye ni ko yarinyar nan mai in'ina ta yarda ta yi karatu a gaban aji. Wayyo, gwanina! A ranar ka sace ni. Ba tsayinka ba ne, ba murmushin nan naka mai kama da fitowar wata ba. Hankalinka ne, wanda ke sauka a kan abu ya zauna daram kamar tsuntsu a kan ƙwansa.

To yau ina hankalin nan ya tafi?

Ka ce mini hodar iblis ɗin nan wasa ce kawai, ta ranar Asabar, kai da abokanka. Ka ce ba ka kamu ba, wai ma wasa maka ƙwaƙwalwa take yi. Wasawa? Haba, masoyina! Ni da nake kallonka, abin da nake gani daban ne. Ranar Asabar bakinka kamar kogin da ya yi ambaliya: za ka buɗe masana'anta, za ka gina mini bene, kafin zance ɗaya ya kai gaci ka tsallake zuwa wani. Ranar Litinin kuma sai in tarar da kai kamar tokar da aka yi wa ruwa. Na ga ka auna katako, ka juya wurin zarto, ka tsaya kana zare ido, ka koma ka sake aunawa. Shagon ya cika da aikin da aka fara ba a gama ba: gado babu fuska, tebur babu ƙafa. Kabad ɗin ɗakinmu da ka yi mini alkawari, ƙofa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ta ƙi rufuwa. Da na nuna maka, sai ka hau ni da faɗa, wai ni ce na raba maka hankali. Babban yatsanka kuma da ke naɗe da bandeji, shi ma ni na tura shi bakin inji?

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne zuwanka gaban Baba. Na san ka shaƙa kafin ka shigo, don ka samu ƙarfin hali. Na gani a idonka, na gani a ƙafarka da ta ƙi zama wuri ɗaya. Baba yana gaya maka rasuwar Kawu, ƙaninsa da suka tashi ɗaki ɗaya, muryarsa na karyewa, kai kuwa ka ce madalla, ka ci gaba da zancen tsadar katako! Ina bayan labule, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bayan ka fita Baba ya ce da ni jikin yaron nan ne ya zo, shi kansa bai zo ba. Ya ce a dakata da maganar aurenmu.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Washegari ka kira ni kana murna, wai ka burge Baba. Ba ka ma san abin da ka yi ba!

Tauraron zuciyata, na gaji da magana da kai kana kallon bango. Na gaji da maimaita zance kamar ina gaban 'yan aji ɗaya. Su ma ai suna riƙewa. Ina son ka, son da ya yi saiwa kamar tsohuwar bishiya, shi ya sa haushinka ke ƙona ni haka. Yayana ya san likitan da ke taimakon masu irin wannan matsalar. Zan raka ka, zan zauna a benci in jira ka, zan jure fushinka da kasalarka har hazon ya washe.

Amma Baba ya tambaye ni abin da ke damunka. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba kuma zan tona maka asiri ba. Kai za ka zo, da idonka garau, ka yi masa ta'aziyyar Kawu, sannan ka gaya masa gaskiya da bakinka.

Taka ce ni, jiya da yau da gobe. Ba na duban kowa, ba kuma zan duba ba. Ina jiran sallamarka a ƙofar gidanmu.

Malamarka, mai ƙaunarka har ƙarshen numfashi.