Inabin Gida Arba'in

Valea Nucului, 6 ga Oktoba

Zuwa ga uwargidana Zinaida,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya Padova da Italiya, yaya jikin tsohuwar da kike jinya? Ƙafar taki ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau, Mama na gaishe ki.

Kin ji ni jiya a waya ina ta kame-kame. Abin da baki ya kasa faɗa, bari hannu ya rubuta.

Ranar Litinin wani saƙo ya shigo kwamfutar ɗakin sanyi na ƙungiyarmu ta manoma, da sunan kamfanin da ke kai mana inabi Poland. Na zaci jerin motoci ne, na buɗe. Kafin in shanye shayina allon ya yi baƙi, sai ga rubutu: wai sun kulle komai, sai an biya su fansa. Takardun kwastan, lambobin masu saye, wane akwati na wane gida, duk sun tafi. Shi ma kamfanin motocin an durƙusar da shi, ko mota ɗaya ba ta zo ba.

Inabin gida arba'in ke ajiye cikin ɗakin sanyin nan, Zina, har da namu. Mai sayenmu na Kraków, can Poland, ya ce in Juma'a ta sama ta wuce bai ga kaya ba, zai koma wa 'yan Turkiyya. Ba wanda ya san ni na buɗe saƙon. Ina wucewa ana ce mini "Sannu da ƙoƙari, Tudor," ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara shida kina yi wa iyayen wasu wanka don mu dasa gonar nan. Ni kuma da yatsa ɗaya na rusa komai.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Tudor

15 ga Oktoba

Zina tawa,

Ina gaishe ki da kewa. Yaya sanyi ya fara a can? Ki riƙa sa safar ulun nan.

Na bi maganarki. Ranar Lahadi bayan coci na miƙe a gaban taron ƙungiya na faɗi gaskiya. Vasile mai tarakta ya ce, "To, ai sai ka zauna ka cinye inabin kai kaɗai!" Shugabarmu, Inna Parascovia, ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Kai Vasile, da kai ne ko kunna abin ba ka iya ba. Inabi bai san kwamfuta ba, hanya ya sani. Wa ke da ɗa direba?"

Ashe gida bakwai ke da shi. Aka yi ta kiransu a waya, su ma suka kira abokan aikinsu, wasu daga Romaniya suka juyo da motocinsu. Fansa kuwa aka ce ko leu ɗaya na kuɗinmu ba za a ba ɓarayi ba. Kowace mata ta shiga ɗakin sanyi da bargo a kafaɗa, ta nuna akwatunan gidanta, don sun san yankan almakashin mazajensu a jikin inabin. Ni da malamar makaranta muka sake cike takardu ɗaya bayan ɗaya, har hannuna ya sage. Mama ta yi ta aiko mana da plăcinte masu zafi, gashin fulawar nan mai cuku a ciki.

Masanan da suka zo daga babban birni Chișinău sun ce saƙon daga ainihin adireshin kamfanin ya fito, an riga an sace shi, kuma ba ni kaɗai na faɗa tarkon ba. Hakan bai wanke ni ba, amma ranar na iya cin abinci.

Mota tara ta isa Kraków ranar Alhamis. Biyu sun makara a kan iyaka, inabinsu ya yi laushi, za a matse shi. Ɗaya a ciki rabinta namu ne. Ban ɓoye miki ba.

Na miƙa wa Inna Parascovia makullan ɗakin sanyi, na ce a nemi wani. Ta mayar mini da su cikin aljihu, ta ce wanda wuta ta taɓa ƙonawa shi ake bar wa murhu. Wata mai zuwa za su tura ni birni koyon yadda ake tsare na'urorin nan. Ki ji fa, da furfurata!

Abin da ya rage zai kai mu bazara in mun lallaɓa. Ba yalwa, amma ya ishe mu biyu da Mama. Ki faɗa wa mutanen gidan da kike aiki su fara neman wadda za ta maye gurbinki. Ki rubuto mini ranar da motarku za ta taso, zan tsaya a tasha.

Naki har kullum,
Tudor