Tangaɗin Yaya a Sadakar Inna

Murgab

Yaya Toktosun,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. An sa ranar sadakar shekarar Inna, Juma'ar ƙarshen wata. Kai ne babba, kai za ka tari baƙi. Don Allah kada ka hauro dutsen nan namu a yini ɗaya, ka kwana a hanya, a garin Sari-Tash, jikinka ya saba. Ka daɗe a Osh, iskarmu kuwa ba ta da kauri. Tutek, ciwon da tsayin tudun nan ke sa wa mutum, bai san ɗan gida ba.

Ƙanwarka, Burul

Osh

Burul uwar tsoro,

Ina amsawa. Ni za ki koya wa dutse? Kina goye nake kiwo a kansa. Tutek na baƙi ne. Ki dai tanadi shayi, ran Alhamis ina tafe.

Yayanki

Horog

Yaya Aisalkin,

Bayan gaisuwa, ki yi haƙuri, mijinki yana asibitin Horog. Yana numfashi.

A yini ɗaya ya hauro, da ciwon kai ya iso, ya ɓoye. Ran sadaka ya ƙi abinci, ya yi amai, sai ga shi yana tangaɗi a gaban dattawa, magana tana karkacewa. Kawu ya ce, "Kai, abin kunya! Birni ya koya masa sha. Ku ɓoye shi." Da baƙo ne, wallahi nan take za mu gane ciwon mu sauko da shi. Amma namu ne, sai muka kai shi ɗakin baya, muka lulluɓe shi wai ya yi barci giyar ta sake shi. Ni na ja ƙofar.

Da na kai masa romo na tarar leɓensa ya yi shuɗi, yana tarin kumfa. Ihu na yi. Direban da ya sauko da mu ya ce mai tangaɗi a tudu ba a barinsa ya kwanta. Tsoro nake ji, ki zo.

Taki, Burul

Horog

Burul,

Gaisuwa, da fatan kin koma Murgab lafiya. Na tashi, har na sha shayi. Likita ya ce huhuna ba zai sake ɗaukar Murgab ba.

Ina jin duk abin da kuka faɗa ranar, bakina ne ya ƙi. Ban riƙe ki ba. Kawu ya ɗauka yadda ya so. Amma idan kin je kabarin Inna, ki gaya mata na zo, kuma ban sha komai ba.

Ki huta lafiya.

Yayanki