Ruwan Iyatu

Garwa

Yaya Halime, gaisuwa mai yawa, ya Tcholliré, ya yara? Nine ƙaninki Dawuda, sarkin masu haƙa rijiya na Pitowa.

Matata Iyatu tana asibitin Garwa a reyanimasiyo, ɗakin masu jin jiki sosai. Amai da zawo ne suka tsotse ta. Likitan nata wani yaro ne Walid, sai ƙamshin turare kamar ango. Yaya, a gabana yake kama yatsanta, ya matsa farcen ya tsaya yana kallo. Ya ɗaga mata ƙafafu sama idonsa na kan telebijin ɗin bango. Ya shafa mata mai a ƙasan haƙarƙari yana goga wani inji. Har fitsarinta yake aunawa. Bayan duk wannan shafe-shafen sai yace ruwan da ake ƙara mata ya isa, a rage. Leɓenta a bushe fa. Ni zai gayawa ruwa? Ƙasa nake shinshinawa ince ga inda yake. Jiya ta buɗe ido tace "dokto". Ba tace Dawuda ba.

Ke da kikayi aikin asibiti, haka akeyi ko nawa ne daban?

Ƙaninki mai farin jini.

Tcholliré

Dawuda, bayan gaisuwa da fatan Allah ya ba Iyatu lafiya.

Haka ake yi wa kowa, har tsoho mai gemu. Yana matsa farce ne ya ga saurin dawowar jini. In ya ɗaga ƙafafu, jinin cikinsu yana gangarawa zuciya. In zuciyar ta ƙara ƙarfi, jiki na son ruwa, in ba ta ƙara ba, ya ƙoshi. Injin nan babbar jijiya yake leƙawa, ya ga ta cika ko ta yamutse. Bushewar leɓe ba ta isa shaida ba. Ruwan da ya wuce kima huhu yake shiga.

Na san halinka. Kada ka taɓa robar ƙarin ruwan nan.

Yayarka Halime.

Garwa

Yaya, ina gaisuwa.

Direba ya kawo takardarki a makare. Na riga na murza ɗan tayan nan na jikin robar, kaɗan nayi niyya, don ta samu ruwa daga hannun mijinta. Kafin la'asar numfashinta ya koma kamar famfo mai jan iska. Yaron ya shigo da gudu takalmi ƙafa ɗaya, yayi mata allurar fitsari, ya sa mata iska. Tana raye. Ko zagina baiyi ba, da ma ya zaga.

Yanzu an hana ni shiga, ta taga nake leƙe, maigadi ya haddace fuskata. Ɗazu nas Rosine ta tambayeta ko a shigo dani. Idonta biyu, ta ji sarai. Ta juya fuska bango.

Ki hau mota ki zo, Yaya. Ke tana jin maganarki.

Dawuda.