Ƙwayoyin Zink Biyar Da Kika Miƙa Ta Kan Danga

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan makwancinki yana cikin haske da yalwa. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma akwai maganar da na gaya miki a gaban mutane, shi ya sa zan janye ta a gaban mutane.

Takwararki Ummi tana lafiya, ta shiga aji uku. Har yanzu tana ɗan jan ƙafar hagu, amma bakin nan ba abin da ya same shi. Nawa ta gado, ba naki ba.

Kin tuna lokacin da na kawo miki ita yaye daga Bacirawa? Ana tsakiyar cirar gyaɗa, tsakar gida duk harawa. Kwana huɗu da tafiyata zawo ya kama ta. Kika goya ta, kika ratsa gonakin dawa har asibitin sha-ka-tafi. Suka ba ki ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zink guda goma, kullum ɗaya har ta ƙare. A kwana na biyar yarinya ta warware, ta shiga bin kaji. Ranar kuma 'yar Ladi maƙwabciyarki ta kwanta da irin ciwon. Ke da ko ƙuli-ƙuli ɗaya sai kin ɓantara wa na kusa da ke, ai ba sai an faɗa ba. Kika miƙa sauran biyar ɗin ta kan danga. Da bakinki kika ba ni labarin, muka yi dariya.

Bayan shekara uku Ummi ta fara amai da sassafe, tana riƙe kai, tana tafiya tana tangaɗi. Mun sha yawo kafin a yi mata hoto a babban asibiti a birni, aka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa. A makon da muke jiran a yi mata aikin tiyata, wata matashiyar likita ta zo da takarda tana tambayar iyaye: me yaro yake ci, an taɓa ba shi zink, ya shanye? Ta ce suna binciken ko sinadarin yana da alaƙa da irin wannan ciwo. Ban tsaya na ji ƙarshen bayaninta ba. Dama neman wanda zan ɗora wa laifi nake yi.

Kika zo dubiya ke da Ladi da Gwaggo Asabe, da furarki a kwano. A gabansu na ce, "Da kin ba ta maganinta ya cika, da ba mu zo nan ba." Kika ce, "To." Kika gyara mayafi. Furar ma ba ki buɗe ta ba, da ita kika koma.

Aiki ya yi kyau, aka sallame mu. Amma daga ranar ba ki ƙara ba Ummi abu da hannunki ba. Ko gyaɗa ta roƙa, sai ki ce, "Je ki tambayi uwarki tukuna." Ina ji ina gani, kunya da taurin kai suka rufe mini baki. Kullum ina cewa sai na zo da Sallah zan ba ki haƙuri. Kika rasu tun ba a kama azumi ba.

Watan jiya muka koma ganin likita, na daure na tambayi babban likitansu. Ya ajiye biro, ya ce zink yana da amfani ga girman yaro da garkuwar jikinsa, kuma ya kamata a riƙa shanye goman nan saboda zawo. Amma maganar ƙari, bincike ake yi har yanzu, kowa ake tambaya. Shi dai bai san wata hujja da ta nuna rashin ƙwaya biyar zai kawo shi ba. Yawancin irinsa, in ji shi, ba a san dalilinsa ba.

Na fito na daɗe zaune a kan benci. Ban yi murna ba, Inna. Ko da akasin haka ya faɗa, ai ba maganar da zan gaya miki ba ce.

Na je ƙauye na shaida wa Gwaggo Asabe da Ladi. Ladi ta yi ta kuka, ashe ita ma da abin take kwana take tashi, tunda 'yarta ce ta sha. Ta ce sau biyu tana shirin zuwa ta same ni, kina hana ta. Wai cewa kike, "Ku ƙyale mini ita. Uwa ce, zafi ne."

Ashe kin ba ni uzuri tun ban nema ba, kika tafi da laifin a matsayin naki. Ba naki ba ne, Innata. Ba ke ba ce. Ki yafe mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sanyaya makwancinki, Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara. Ya haɗa mu a inda zan faɗa miki wannan da bakina.

'Yarki,
Rabi